Darasi na Tara: Ƙyauren da ke ƙin rufuwa da damina

Shekarar da na gina ɗakina na farko a Gidan Amumune, na je Tasawa na ba wani kafinta aikin ƙyaure. Cikin watan Agusta ne, gero ya yi ciki, ruwa na sauka a kai a kai. Falanki biyar ya jera, ya gitta sanda uku ta baya, ya bi su da ƙusa. Da aka kawo aka kafa, ko allura ba ta ratsa tsakanin falanki da ɗan'uwansa. Na biya kuɗi ina ta murna.

Kafin Fabrairu ya ƙare, in na farka da safe sai in ga haske ya shigo ɗaki layi huɗu, ƙurar hunturu kuma tana biyo shi ta kwanta kan tabarma. Na ce lallai kafintan nan ya cuce ni. Na feƙe 'yan siraran itatuwa, na cusa a kowace kafa, na doka da guduma har suka zauna daram. Da damina ta zagayo sai ƙyauren ya yi ciki, ya gantsare, ba ya shiga gurbinsa sai an sa kafaɗa. Ƙusa biyu har sun ɗago kai.

Wani tsohon masassaƙi na unguwarmu ya tarar da ni ina kokawa da ƙofa. Ya shafa katakon, ya ce, "Ɗana, yaushe aka yi shi, da rani ko da damina?"

Na ce, "Da damina, Baba, gero na ciki."

Ya ce, "To ka daina ɗaukar alhakin kafinta. Ƙishirwa ya ji da ɗari, ya tsuke. Kai kuma ka toshe masa wurin komawa. Yanzu ya sha ya ƙoshi, ina kake so ya je?"

Tsohon nan bai taɓa zama a aji ba, amma duk abin da za mu karanta yau yana cikin maganarsa. Abin da za mu ƙara kawai shi ne dalili da lissafi.

Ruwa biyu ne cikin icce

In aka yanko siririn ɓallin icce aka duba da madubin ƙara girma, za a ga ba dunƙulallen abu ba ne kamar dutse. Tarin ƙananan bututu ne, jere da juna, yawancinsu sun miƙe daga saiwa zuwa sama. Ta cikinsu ruwa ke hawa ya kai ganye lokacin da iccen ke raye. Ku ɗauka damin kara ne aka ɗaure tamau, sai dai kowane kara ya fi gashi siranta, kuma cikinsa rami ne.

Ɗanyen icce yana riƙe da ruwa a wuri biyu. Na farko shi ne ruwan da ke kwance cikin ramin bututun, kamar ruwa cikin gora. Na biyu shi ne wanda ya jiƙa jikin bututun kansa, ya shige tsakanin zarurrukan da suka yi bangonsa. Waɗannan zarurruka dangin auduga ne, sinadarinsu ɗaya, shi ya sa suke da kwaɗayin ruwa kamar yadda rigar auduga ke yin sanyi da nauyi in an shanya ta cikin raɓa.

Da an sare icce, ruwan rami ke fara fita. Iccen yana rage nauyi sosai, amma girmansa yana nan, ko kaɗan bai ragu ba. Gora in an tsiyaye ruwanta ai ba ta ƙanƙancewa. Sai ruwan rami ya ƙare, na bango ya soma fita, sannan zarurruka su matso kusa da juna, icce ya fara motsewa. Wannan iyaka, inda rami ya bushe amma bango na jiƙe, wani masanin itatuwa na Amurka mai suna Harry Tiemann ne ya fara bayyana ta a 1906. Ga yawancin itatuwa tana wajen kashi 28 zuwa 30 cikin ɗari.

Kashi 30 na me? Ga yadda ake lissafin. A auna guntun icce a sikeli, a ce ya yi giram 1,500. A gasa shi a tanda mai zafin digiri 103 har nauyinsa ya daina raguwa, a ce ya tsaya a giram 1,000. Giram 500 da suka tafi ruwa ne. Ɗari biyar rabin dubu ne, saboda haka sai a ce danshin iccen nan kashi 50 ne cikin ɗari. Kullum da busasshen nauyi ake gwadawa. Shi ya sa kada ku yi mamaki in kun ji an ce wani ɗanyen icce danshinsa ya haura kashi 100: ruwan da ke cikinsa ne ya fi shi kansa nauyi. Matan da ke ɗauko iccen girki daga daji sun san wannan a wuyansu tun kafin su ji shi a aji.

Busasshen icce bai gama da ruwa ba

Da bushewa sau ɗaya ce a gama, da wannan darasi gajere ne. Amma bangon bututun nan bai daina kwaɗayinsa ba ko bayan shekara hamsin. Iska tana ɗauke da ruwan da ido ba ya gani, wanda muke kira laima ko danshi. Kun san shi: shi ke sa gishiri ya jiƙe a leda cikin Agusta, ashana ta ƙi kamawa, ƙuli-ƙuli ya yi laushi. In iska ta fi icce danshi, icce ya sha daga gare ta ya kumbura. In ya fi ta, ta zuƙe nasa ya tsuke. Haka za su yi ta yi har su daidaita, da yanayi ya juya kuma a koma farko. Ba sai ɗigon ruwan sama ya taɓa katako ba. Kujerar da ke ƙuryar ɗaki ita ma tana wannan numfashi.

Masana sun auna inda icce ke tsayawa a kowane irin yanayi. In danshin iska ya zauna a kashi 20 cikin ɗari, katako yakan tsaya tsakanin kashi 4 da 5. In iska tana kashi 50, katako na wajen 9. A kashi 65 yana wajen 12, a kashi 80 kuma wajen 16.

Yanzu ku aza wannan a kan ƙasarmu. A jihar Maraɗi, cikin Fabrairu da Maris, iskar arewa maso gabas da ta ratso hamada takan sauko da danshi ƙasa da kashi 20, leɓe ya tsage, kaushi ya dare. Cikin Agusta kuwa iskar kudu takan ɗaga shi sama da kashi 70. Ruwan da muke samu a ƙasar Mayahi kaɗan ne, wajen milimita 400 a shekara, to amma katako ba da yawan ruwan sama yake aiki ba, da laimar iska yake aiki. Ke nan ƙyaure ɗaya yana iya sauka kusa da kashi 5 a ƙarshen ɗari, ya hau kusa da 15 a ƙarshen damina. Tazarar kashi 10 ke nan, kowace shekara, je ka dawo. A garuruwan bakin teku irin su Legas da Kwatano iska jiƙe take kusan duk shekara, katakonsu bai san irin wannan lilo ba. Kafintan Mayahi ya fi na Legas bukatar wannan darasi.

Akwai kuma wani ƙarin. Katakon da ake sayarwa a Maraɗi da Tasawa, fari da ja, yawancinsa daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, mai yawa ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Ko da an shanya shi can har an ce ya bushe, bushewar kudu ce, danshinsa bai cika sauka ƙasa da kashi 15 ba. Wani ma ko shanyawar ba a yi ba, daga bakin zarto sai mota. Mai saye ya ƙwanƙwasa ya ji ƙara, ya ce busasshe ne. Busasshe ne ga Ibadan, a nan kuwa da sauran tafiya gabansa.

Mutane da yawa suna cewa zafi ne ke tsuke katako. Rana tana hanzarta fitar ruwa, gaskiya ne, amma ba zafin kansa ke rage faɗin ba. Ƙarfe ne ke bin zafi, shi ma kaɗan: sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, in zafinta ya ƙaru da digiri 30, ƙarin tsawonta bai kai rabin milimita ba. Hujjar tana gabanmu. Janairu sanyi ne, amma a lokacin katako ke tsukewa. Yuni zafi ne, amma da iskar damina ta juyo sai ya fara cikowa.

Ba kowane gefe ke tafiya daidai ba

Nan ne asirin yake, kuma nan nake so ku nutsu.

Tun da zarurrukan a miƙe suke bisa tsawon icce, ruwan da ke shiga tsakaninsu gefe yake tura su. Koma ga damin kara: in kowane kara ya yi ƙiba, dami zai yi kauri, amma ba zai ƙara tsawo ba. Daga ɗanye zuwa busasshe ƙayau, tsawon icce bai raguwa fiye da kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin ɗari. Sanda mai mita biyu, 'yan milimita kaɗan ke nan. Shi ya sa ba ku taɓa jin an ce dirka ta gajarce har rumfa ta sauko ba.

Faɗi kuwa wata magana ce, shi ma kuma kashi biyu ne. Ku dubi kan gungumen da aka datse. Akwai cibiya a tsakiya, da layuka masu zagaye ta kamar zobba, ɗaya cikin ɗaya har zuwa ɓawo. A wasu itatuwanmu zobban ba su fitowa sosai, amma tsarin yana nan. Motsewa daga ɓawo zuwa cibiya, wato a ratsa zobba, takan kai kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Motsewa a bin zobe, wato a zagaye, takan kai kashi 6 zuwa 10, kusan ninki biyu. Ɗaya daga dalilan shi ne akwai wasu 'yan jijiyoyi da suka taso daga tsakiya zuwa ɓawo kamar wayoyin ƙafar keke, suna tokare icce ta wannan fuska.

Mu gwada da turmi. A ce an datso gungumen kirya ko danya mai faɗin santimita 40. Zagayensa zai kai kusan santimita 126. A ce iccen nan yana motsewa kashi 4 ta ratse, kashi 8 ta zagaye. In ya bushe ƙayau, zagayen yana so ya rage santimita 10. Amma raguwar faɗin ba ta ba shi damar rage fiye da santimita 5 ba. Ina sauran biyar za su tafi? Sai icce ya yage. Wannan ita ce tsagar da kuke gani a kan gungume, mai faɗin baki wajen ɓawo, mai tsini wajen cibiya, kamar an yanke ɓarin kankana. A zahiri ba ta kai biyar ɗin ba, don icce bai bushewa ƙayau a iska kuma yana ɗan jurewa, amma duk gungumen da aka bari da cibiyarsa a ciki yana ɗauke da wannan rigima. Turmi kuwa dole da cibiya ake yin sa. Don haka in uwar gida ta ga 'yar tsaga a gindin sabon turmi, ba lallai sakacin masassaƙi ba ne. Abin dubawa shi ne ko ta ratso cikin ramin.

Masassaƙa sun daɗe da gano dabarar rage wannan. Suna fafe ciki tun icce na ɗanye, ba don gizago ya fi cin sa a lokacin kaɗai ba, har don in an rage tsoka, sauran yana samun sararin motsawa. Sannan ba su jefa sabon aiki a rana. Inuwa ake ajiye shi, a shafa masa mai, ya bushe a hankali. Ku ɗauki tsohon akushi ku kifa shi, ku auna bakinsa ta nan da ta can. Da wuya ku same shi da'ira cikakkiya. Ya ɗan yi ƙwai, don ya tsuke ta faɗin icce bai tsuke ta tsawonsa ba. Ba lahani ba ne, shaida ce cewa iccen ya sami yadda ya so bai fashe ba.

Falanki ma haka. Wanda aka yanko daga gefen gungume, in ka dubi kansa za ka ga zobba sun kwanta kamar baka. Fuskar da ke kallon ɓawo ta fi tsukewa, saboda haka falankin yakan lanƙwashe ya yi kwarmi ta wannan fuska, kamar zobban suna so su miƙe. Wanda aka yanko ta yadda zobba suka tsaya a tsaye daga fuska zuwa fuska, shi yakan zauna a shimfiɗe, motsinsa ta faɗi kuma kusan rabin na farkon ne. In kun je sayen katako, kada ku tsaya ga kallon fuska. Ku zagaya ku dubi kan. Mai sayarwa zai ga kamar kun cika tsirfa, ku bar shi ya gani.

Giginya da goruba, irin wadda ta cika Gulbin Kaba, ba su shiga wannan lissafin zobba ba, don ba su da zobba. Jijiyoyinsu a warwatse suke, sun fi yawa da tauri ta wajen baya, ciki kuwa laushi ne. Shi ya sa daga bayan giginya ake tsago azara.

Lissafin ƙyaurena

Falanki biyar, kowanne santimita 16, jimla 80. A ce katakon irin mai motsin kashi 8 ne, daga iyakar kashi 30 zuwa sifili. Mun ce lilon shekara a nan wajen kashi 10 ne, wato sulusin talatin. Sulusin 8 ya kusa 2.7. Kashi 2.7 cikin ɗari na santimita 80 ya ɗan haura santimita 2. In aka raba wa falanki biyar, kowanne milimita 4 ke nan. Ga layukan hasken da ke tashe ni da safe.

Sandunan da aka gitta ta baya kuwa ta tsawonsu suke kwance, ba su motsa ba. Su suka riƙe kowane falanki a inda yake, shi kuma ya tsuke ya bar kafa a gefensa. Da na cusa itatuwa cikin kafofin, sai na mai da ƙyaure mai santimita 80 ya zama mai neman 82 cikin gurbin 80. Ƙarfin kumburin icce kuwa ba na wasa ba ne, yana tumɓuke ƙusa, yana tsaga bangon laka a gefen ƙofa.

Wannan lissafi na mafi muni ne. Akwai itatuwa masu sanyin hali. Iroko na kudu motsinsa wajen kashi 3 ne ta ratse, 4 ta zagaye, ke nan rabin abin da muka lissafa. Katako mai kauri kuma yana jinkiri, yakan ɗauki makonni kafin ya kamo iska. Shi ya sa ƙofa ta fi cijewa a ƙarshen Agusta da Satumba, ba ranar da aka yi ruwan shuka ba.

Ƙotar da aka jiƙa

Guduma ko diga ko shebur, in ƙota ta yi sako-sako da rani, kowa ya san magani: a tsoma cikin ruwa a kwana. Da safe ta cije, a tafi aiki. Bayan kwana kaɗan ta fi da girgiɗi. A sake tsomawa, ta ƙara lalacewa. Me ke faruwa? Iccen ya sha ruwa yana son kumbura, zoben ƙarfe ya hana shi. Bututun da ke bakin ƙarfe suka murƙushe, kamar karan da aka taka. Wanda ya murƙushe ba ya komawa yadda yake. Da ruwan ya fita sai ƙotar ta tsuke daga inda aka matse ta, ta zama ta fi da siranta. Kowace jiƙawa tana ƙara cin ta. Maganin da ke daɗewa shi ne a sa ƙota lokacin da ta bushe iyakar bushewa, cikin Maris ko Afrilu, a doka mata tsinken icce mai tauri a ka. Daga nan duk abin da yanayi zai yi mata ƙarin matsewa ne.

Wannan ita ce ƙa'idar da ya kamata mai aikin icce ya riƙe a ƙasar nan: kafin ka sa zarto, tambayi kanka wane wata ake ciki. Aikin da aka yi da rani, kumbura ke gabansa, sai a bar masa sarari, kamar kaurin tsinken ashana tsakanin falanki da falanki, da 'yan milimita tsakanin ƙyaure da gurbinsa. Aikin da aka yi da damina, tsukewa ke gabansa, sai a matse shi, in da hali a yi wa gefunan falanki ɗan tsani su hau juna, ko a rufe mahaɗa da siririn katako da aka kafe ta gefe ɗaya kawai, don in kafa ta buɗe kada ƙura ta samu hanya. In ƙofa ta cije cikin Agusta, a kankare daidai inda take gogar gurbi, kaɗan. Wanda ya zage ya rage santimita guda, da hunturu zai ga kuɗinsa.

Ƙyaure mai firam da allo a tsakiya an ƙirƙire shi ne saboda wannan. Firam ɗin duk ta tsawo aka yanka, ba ya motsi. Allon tsakiya kuwa cikin kwari yake zaune, ba gam ba ƙusa, yana shiga yana fita abinsa. Kafintan da ya manne allon da gam don ya ga aiki ya yi ƙarfi, tsaga ya shirya wa mai kaya. Filawud kuma falle-falle ne aka manna, kowane falle ya gitta na ƙarƙashinsa, tsawon wannan yana riƙe faɗin wancan, shi ya sa ba ya motsi sosai. Amma ku bambanta shi da katakon garin icce da aka matse da gam, irin wanda ake yi wa amare gado da kabad mai sheƙi. Wannan in ruwa ya shige shi ya kumbura, ya kumbura ke nan, ba ya komawa. Iyayen amarya su duba ƙafafun kaya, su ɗaga su daga daɓe tun kafin ɗaki ya yi yoyo.

Fenti da mai suna rage saurin shiga da fitar laima, ba su hana ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafe fuskar da ake gani a bar baya, ko a manta da ƙasan ƙyaure, inda kan bututu ke buɗe yana kallon dokin ƙofa. Fuska ɗaya ta sha, ɗaya ba ta sha ba, ƙyaure ya karkace. A shafe ko'ina, har sama da ƙasa.

Shanya

Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka koma barin tohon gawo, da kalgo, da aduwa a gonakinsu maimakon ƙone kututture, abin da muke kira sassaben zamani. Albarkacin haka yau mutum yana iya samun sanda ko dirka daga gonarsa. Duk da haka icce bai yi arha ba, wasu itatuwa kuma dokar gandun daji ta 2004 ta sa sai da izini ake taɓa su. Iccen da aka yi shekaru ana reno, asara ce a bar shi ya dare cikin mako biyu don an jefar da shi a rana.

A Turai kafintoci na lissafin shekara guda ga kowane inci na kauri, matsalarsu katako ya ƙi bushewa. Tamu akasin haka ce. Iskarmu tana busar da bayan icce ya fara tsukewa alhali cikinsa na jiƙe bai motsa ba, sai bayan ya tsattsage. Kan icce ya fi shiga haɗari, don ta nan ruwa ke fita sau goma ko fiye da saurin da yake fita ta gefe. Saboda haka da an datsa a shafe kawunan da tsohon fenti ko kakin zuma, ko a liƙe da laka. A jera a inuwa, a ɗaga daga ƙasa saboda gara, a sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin hawa da hawa, kowace bisa saitin ta ƙarƙashinta, kamu biyu ko uku tsakaninsu, a ɗora nauyi a sama. In da hunturu ne a kare gefen da iska ke bugowa da zana. Mai son sanin ko ya isa aiki, ya ware guntu ɗaya ya riƙa kai shi sikelin mai shago kowane mako. Ranar da nauyi ya daina sauka, ya daidaita da iskar wannan watan. Katakon da aka sayo daga kudu ma a yi masa haka ko da na 'yan makonni ne.

Wani ɗalibi ya taɓa tambayata, in ruwa ne ke ɓata icce, yaya jirgin masunta ke shekaru cikin kogi? Tambaya ce mai kyau. Iccen da ya wuce iyakar kashi 30 ya gama kumbura, in ya zauna a jiƙe ba ya ƙara motsi. Jirgin falanki ma kumburin ne ke toshe masa kafofi, in aka bar shi a tudu ya bushe sai ya yi yoyo har ya sake sha. Ruɓa kuma tana bukatar danshi da iska tare. A 1987, a Dufuna cikin jihar Yobe ta yanzu, wani makiyayi yana haƙar rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000 a binne cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Dirkar rumfarku kuwa ku duba inda take ruɓewa: ba can ƙasa ba, ba can sama ba, daidai bakin ƙasa, inda take jiƙa ta bushe, iska kuma na samunta.

Aikin aji

Ku samo ragowar falanki mai faɗi wurin kafinta. A yanko siririn yanki ɗaya ta faɗinsa, daga gefe zuwa gefe, da wani ta tsawonsa, a daidaita su su zama tsawo ɗaya. Ku auna, ku rubuta awon da ranar a littafi. Ku zuba jiƙaƙƙen rairayi a gindin tukunya, ku aza yankunan a kan duwatsu yadda ba za su taɓa ruwa ba, ku rufe. Bayan mako guda ku fito da su ku jera kafaɗa da kafaɗa. Kafin a buɗe tukunyar kowa ya faɗi wanda yake zaton zai fi tsawo, da dalilinsa.

Daga nan a rataye su a cikin aji, inda rana ba ta kaiwa, a riƙa aunawa farkon kowane wata har shekara ta zagayo. Wanda ba shi da ma'auni ya aza su bisa sandar ƙarfe ya ja alama da ƙusa. Kada a ja alamar a faɗin wani katako, don shi ma tafiya yake yi.